Malamin Gyara da Kazojin Larai

A can wani zamani, a wani gari, an yi wani malami da ba ya barin kuskuren magana ya kwana. Ko gaishe shi ka yi, sai ya gyara gaisuwar kafin ya amsa.

Yana da 'yar ƙaramar yarinya, Larai, mai surutu kamar aku. Da ta ji ana cewa taga tagogi, hanya hanyoyi, sai ta ga ai abin ba wuya.

Ta ce, "Baba, kazojinmu sun yi ƙwai!"

Malam ya ce, "Kaji."

Kashegari ta ce, "Baba, tunkiyoyi sun dawo!"

Malam ya ce, "Tumaki."

Rana ta uku ba ta ce komai ba, haka ta huɗu. Gida ya yi tsit, babu kuskure ko ɗaya, amma tuwo ya ƙi wuce wa malam.

Mahaifiyarsa ta ce, "Kai da kana yaro mutumai kake cewa. Ban taɓa tare ka ba, amsa maka nake yi. Ga shi ba ka lalace sosai ba."

Da yamma Larai ta leƙo zaure, ta buɗe baki, ta rufe. Can ta ce a hankali, "Baba, saniyoyi suna wucewa."

Gyara ya taso har leɓen malam. Ya haɗiye shi da ƙyar, ya ajiye alƙalami.

"Shanu ne ke wucewa? Zo ki nuna mini."

Ta kama yatsansa. Kafin su kai ƙofar gida ta ba shi labari uku.