Lallen da Bushra Ta Ƙi

Bushra ta janye hannunta daga na Gwaggo Kaltumi, ta cusa shi ƙarƙashin mayafi.

Guɗa ta yanke.

"A sa min ko'ina, Gwaggo... ban da yatsuna. Sai jibi da yamma."



Ranar Alhamis ce. Asabar zaɓe, Lahadi kuma ɗaurin aurenta da Sahabi, ɗan wani babban mahauci a Talata Mafara. Gwaggo Kaltumi ƙanwar mahaifinsa ce, ita aka turo ta sa wa amarya lalle.

Wata huɗu Bushra ta yi tana yawo da ƙungiyarsu ta wayar da kan masu zaɓe, wadda ba ruwanta da kowace jam'iyya. Daga Garbadu zuwa Birnin Tudu, har makarantar da wasu matan Damaga suka fake bayan 'yan bindiga sun tashe su. Ko'ina abu ɗaya take nanatawa: kar a sa lalle a yatsa, na'urar tantancewa takan ƙi karanta shi. Wata tsohuwa a makarantar ta yi mata dariya, ta ce za su gani idan bikinta ya zo. Bushra ta rantse musu ko ranar bikinta ba za ta sa a yatsa ba sai an yi zaɓe. Ita ce ma za ta raka su layi ranar Asabar.

Zuhura, 'yar Gwaggo, wadda ta daɗe da Sahabi a ranta, ta sunkuyar da kai ta ce, ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji, ai a gidansu mai takaba kaɗai ke zama da farin yatsa.

Bara aka kashe yayan Sahabi a hanyar Maradun, yana dawowa da shanu. Kafin la'asar maganar Zuhura ta kai kunnen mahaifiyar Sahabi, har an ƙara mata gishiri: wai amarya ta fara yi wa ɗanta na biyu takaba tun yana raye.

Sahabi ya sami Bushra a zaure, idonsa jawur. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Sanyin idona, mi zai rage ki? Inna kuka take tun ɗazu..."

Ta roƙe shi kwana biyu kawai. Ya ce ya durƙusa ya roƙa, Inna ta ce ko yau, ko a bar maganar auren.

"Mata ɗari biyu ne, masoyina. In suka ga hannuna ja, ba za su ƙara yarda da mu ba."

"Ita kuma ɗa guda ya rage mata."

Ya tsaya yana jira, ya daɗe yana jira, har ladan ya kira magariba. Sannan ya sa takalminsa ya fita.

Mahaifiyarta ma ta lallashe ta, ta zage ta, ta sake lallashi. Bushra dai ta zauna gaban ƙwaryar lallen tana hawaye har ya bushe ya tsattsage.

Juma'a aka aiko a mayar da lefe.

Asabar gari ya waye da jita-jitar hari. Cikin mata ɗari biyu, saba'in suka fito. Ta jera su, ta riƙe wa masu goyo 'ya'yansu, na'ura ta karɓi kowacce. Tsohuwar nan ta tambaye ta gobe ne bikin ko. Bushra ta ce an ɗaga.

Ranar Talata mahaifiyarta ta aike ta cefane. Ta so ta kauce wa layin mahauta, cunkoso ya tura ta ciki. A nan ta ji ana faɗa: bijimin da aka yi wata shida ana kiwo don walimarta ne aka yanka, ake sayarwa kashi-kashi.

Sahabi ne a bakin tebur. Ya rame.

Ya ɗago, ya gan ta. Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Can bayansa Gwaggo Kaltumi na zaune tana kallo.

"Wane kashi za a ba ki, Malama?"

Ta nuna da hannu.

Ya naɗe mata a takarda, ya ɗora gyara kamar yadda yake yi wa kowa.

Matar da ke bayanta ta ce ta matsa mana, ana sauri.

Ta matsa.