Ɗan Akwati Kore a Ƙasan Teku

Da yammacin wata Asabar ɗana Eilif ya tafi shagon Gunvor, can bakin tashar jiragen kamun kifi, don ya zaɓi kyamarar ɗaukar bidiyo a ƙarƙashin ruwa. Ni masunci ne, ban taɓa leƙa ƙasan teku ba. Daga bakinsa na ji wannan labari, kuma ban ƙara masa gishiri ba.

Tun kakar bara bai sake riƙe kyamara ba. A lokacin ne suka yi nutso shi da ƙanensa Sindre. Ƙa'idar masu nutso ita ce bibbiyu ake shiga, kowa idonsa a kan ɗan'uwansa. Eilif ya ga wani kifi mai haƙora a bakin rami, ya tsaya ɗauka. Da ya ɗago kai, babu Sindre. Har yau teku bai dawo mana da ko takalminsa ba.

Shagon na warin roba da gishiri da gahawar da ta daɗe a kan wuta. Gunvor ce ta koya wa yarana biyu nutso tun suna ƙanana. Ta ajiye kyamarori biyu a kan tebur.

"Wannan ƙaramar a goshi ake ɗaura ta," in ji ta. "Ka kunna ka manta da ita, hannuwanka biyu naka ne. Amma a duhu makauniya ce kamar kakata."

"Waccan fa?"

"Ta masu son wahala ce. Ga nauyi, ga cin hannu biyu. Sai dai tana gani inda idonka ya gaza. In ta ga fuska, ta mutum ko ta kifi, sai ta zana mata ɗan akwati kore a allo, ta bi ta."

Eilif ya miƙa hannu ga babbar.

"Ja'iri, na san ita za ka taɓa. Me kake nema a duhun?"

"Kifi mana."

"Kifi." Ta daɗe tana kallonsa. "To, ba a sayen kyamara a kan tebur. Sa rigar nutsonka mu gwada kyamarar kafin haske ya ƙare. Ni ce abokiyar nutsonka yau. Tsohuwa ce, ka riƙa waiwayo."

Suka shiga ruwa ta bayan shagon. Sanyi ya cije masa leɓe. Ba ya jin komai sai numfashinsa da tashin kumfa. A nan ba a yin nisa da gaɓa, dutsen sai ya yanke ya zarce ƙasa kamar bango. Suka bi bangon. Launin ja ya ɓace, kore ma ya dushe, amma a allon komai tas. Wani kifi ya gilma, akwatin ya kama fuskarsa ya bi shi. Gunvor ta yi masa alama da hannu: ka gani?

Sai ya juya bakin kyamarar ƙasa, inda bangon ya nutse cikin baƙi.

Akwatin ya fito.

Ƙarami, kamar ƙwayar wake. Babu komai a cikinsa. Ya haska tocila, babu kifi, babu dutse. Ya goge allon da yatsa. Akwatin na nan.

Ya sauka kaɗan. Akwatin ya ƙara girma. Ya tsaya, sai akwatin ya ja baya a hankali, ya tsaya shi ma, kamar mai jira.

Iskar da yake zuƙa ta canja ɗanɗano. Ta koma kamar laka.

Sai ya ji wata waƙa ƙasa-ƙasa. Sindre yana da wata ɗabi'a, in suna ƙasa yakan yi waƙa ta hanci, mara daɗi, don ya ba wansa haushi. Ita ce. Ita ce sak.

Ya bi.

Daga wani wuri ya ji ƙwan, ƙwan, ƙwan. Wuƙa ce ake bugawa a jikin tukunyar iska. Kowane mai nutso ya san ma'anarta: waiwayo. Ya ce a ransa, yanzun nan.

A cikin akwatin wani abu ya fara bayyana. Gilashin fuska irin na masu nutso. Fari-fari a bayansa. Babu kumfa ko ɗaya da ke tashi.

Ƙwan. Ƙwan.

Hannu ya fito daga duhun, tafinsa a buɗe.

Ƙwan.

Sai shiru.

Ya san wannan shirun. Da shi yake kwana tun bara.

Ya saki kyamarar. Ta tafi ƙasa tana juyi, allonta na walƙiya. Can sai ta daina faɗuwa. Ta tsaya cak a tsakiyar ruwa. A hankali bakinta ya juyo, ya daidaita a kansa, yadda mai ɗauka ke daidaitawa.

Eilif ya juya ya yi sama.

Ya tarar da Gunvor naɗe cikin wani tsohon taru na kamun kifi a jikin bango, bututun iskarta ya fice daga baki, wuƙa na reto a hannunta. Ya cusa mata nasa na ajiya. Ta zuƙa. Ya yanke tarun, ya rungume ta.

Ba a fitowa daga zurfi a guje, jini ba ya yarda. Dole a hau sannu, a kuma tsaya kafin a kai sama. Suka tsaya. Ƙarƙashin ƙafafunsu ɗan hasken allon na tahowa.

Ya rufe ido, ya ƙanƙame tsohuwar.

Da suka hau katakon tashar, fitilu sun kunnu. Gunvor ta yi ta tari.

"Zurfi ne, yana bugar da mutum kamar giya," ta ce da raɗa. "Kowa na ganin abubuwa."

"Kin ga hasken?"

"Jiya na bi wurin nan. Babu taru." Ta kama hannunsa. "Kada ka sake tambayata."

Ya biya ta kyamarar da ta nutse, bai ɗauki ɗayar ba. Har yanzu yana nutso, amma hannu sake, kuma shi ne na ƙarshe a layi, yana kallon bayan kowa.

Washegarin wannan nutson ya zo gidana, ya zauna a kicin ya faɗa mini duka. Na bar gahawata ta huce. Abu ɗaya na tambaye shi.

"Ka ga fuskarsa?"

"Saura kaɗan, Baba."

Na ce masa ya yi daidai, na dafa kafaɗarsa. Amma Allah ya yafe mini. Ɗana mai rai yana zaune a gabana, ya ceto ran mace, ni kuwa abin da zuciyata ke cewa shi ne, da ma ya ƙara sauka kaɗan.