Aljihun Dunja

"Mama, mene ne wannan?" Jagoda ta tambayi uwar mijinta.

Jagoda ta zaro hannu daga aljihun rigar sanyin 'yarta Dunja, yatsunta sharkaf da maiƙo. Soyayyen kitsen alade ne, an naɗe a takarda.

Stamena, uwar mijinta, ko gezau. "Abinci ne. Kin manta kamanninsa?"

"Na roƙe ki! Ba nama, ba madara, ba ƙwai a gidan nan..."

"Gidan zomaye ke nan! Dubi wuyan yarinya kamar zare!"

"Likita ta duba yaran, lafiyarsu ƙalau, bitamin ma suna sha."

"Likita! Ita ta haife su?"

Radoje, mijin Jagoda, na tsaye bakin ƙofa dafe da ƙirji, inda ɗinkin aikin zuciya bai gama warkewa ba. Saboda shi Jagoda ta juya tukunyar gidan kaf. Ciwon ya ci ubansa, ya taɓa shi, ba za ta zauna jira ya ƙwanƙwasa wa 'ya'yanta ƙofa ba.

"Mama, don Allah... Jago, zuciyata..."

"Ku yi slavarku ku kaɗai!" Stamena ta ɗaure kallabi. "Ba zan taka gidan da ake jin kunyar girkina ba."

Slava, bikin waliyyin gida da Radoje ya gada daga ubansa, ta kusa. Burodin bikin kuwa, hannun Stamena kaɗai ya taɓa kwaɓa shi.

Maƙwabta a garin Čačak suka ce rigimar uwar miji da matar ɗa ce. Maƙwabta sun iya raɗa suna, ba su iya duba ba. Mata biyu ne tsoro ɗaya ya kama, kowacce ta ruga ga tukunyarta.

"In kin ce in ci naman, zan ci," Radoje ya faɗa wa Jagoda a hankali. "In kin ce in bari..."

"Ka rayu kawai nake so, masoyina." Hawaye ya ƙwace mata. "Amma ban so in raba ka da uwarka ba."

Ranar bikin da safe, Jagoda na tsaye kan burodinta da ya ƙi tashi, aka bugi ƙofa da ƙafa.

"Karɓi, hannuna zai ɓalle!"

Stamena ce, da burodi mai ƙyalli, da tukwane: gasasshen wake da albasa, naɗin kabeji da shinkafa, tattasai. Bikinsu dama cikin azumin coci yake faɗowa, lokacin da ba a cin nama, kifi kaɗai ake yarda da shi. Bana ko kifin babu.

"Mama... wannan ai irin abincinmu ne!"

"Naku? Uwata ta dafa shi tun ba a haifi likitarki ba! Sunansa abincin azumi." Ta kalli ƙirjin ɗanta. "Ubansa, ni na riƙa cika masa faranti da kitse, don ina sonsa... Azumin nan naku, yaushe zai ƙare?"

"Ba zai ƙare ba, Mama."

"To. Ai sai ki koyi yin sa da daɗi, 'yata. Waken naki kamar tsakuwa."

Jagoda ta faɗa jikinta tana kuka tana dariya.

Da yamma, tana rataye rigar Dunja, ta ji aljihun ya yi nauyi. Ta tuna da kitsen aladen nan. Ta zura hannu.

Soyayyun 'ya'yan kabewa ne, da sauran ɗuminsu.