'Yar Tsana Ta Tafi Yaye

A can wani ƙauye an yi wata yarinya mai 'yar tsana ta tsumma. In za ta rijiya, tana goye da ita. In za ta ci tuwo, tana goye da ita.

Ran nan za a kai ƙanenta yaye gidan kaka, sai ya cafke 'yar tsanar yana tsala ihu. Ta ja, ya ja. Idonta ya ciko, amma ta saki, ta ce, "Tafi da ita, ka dai dawo mini da abata!"

Kwana bakwai tana shafa bayanta, ba kowa.

Da suka dawo, yaro ya yi ɓulɓul, 'yar tsana ta sha kunu har ka. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauko zane, ta goya su duka biyun.