Dami Ɗaya a Gaban Gari Guda

A can wani zamani, masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta. Iska ta kwashe ta har wani ƙauye, wutar ta cinye rumbunan ƙauyen ƙurmus.

Washegari wani mutum ya shigo ƙauyen da ke kusa, yana kora jakuna, rigarsa duk toka. Ya ce, "Mutanenmu suka aiko ni. Ku taimaka mana da hatsi."

Wannan ya ba da dami, wancan ya ba da dami. Da ya zo ƙofar wata tsohuwa, sai ta ce, "Ɗan nan, daga gidan wa kake a can?"

Ya ce, "Iya, ana tambayar mayunwaci asalinsa?"

Ta mayar da ƙyaurenta. Maƙwabta suka ce, "Rowa dai ba ta tsufa."

Tsohuwa ta ɗora daminta a ka, ta ratsa toka da ƙafa, ta tafi jaje. Ta tarar da mata zaune jugum a gindin ƙonannun rumbuna, yara ko kuka ba sa iyawa.

Ta ce, "Jakunan hatsi ba su iso ba?"

Mai gari ya ce, "Waɗanne jakuna, Iya? Tun da wuta ta mutu, ke ce ta fari."

Ta sauke dami ɗaya a gaban gari guda.