Mai a Rijiyar Gidan Sodangi

Magariba ta kawo jiki a Dutsin-Ma, kaji sun shige akurki. Talatu, 'yar Alhaji Sodangi, tana bakin rijiyar tsakar gida tana jan ruwan alwalar mahaifinta. Guga ya fito da nauyinsa kamar kullum, sai dai a saman ruwan akwai wani maiƙo mai launi-launi yana juyawa a hankali. Ta tsaya tana kallonsa. A lokacin ne dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin girki. Uwarta, Hajiya Hawwa'u, ta leƙo, ba ta ga kowa ba. Wani dutsen ya sake faɗowa kusa da ƙafar yarinyar, jiƙe sharkaf, da baƙar laka a jikinsa.

Alhaji Sodangi ɗan kasuwar hatsi ne. Da arziki ya buɗe a tsakiyar shekarun saba'in, sai ya gina gidan mai a bakin hanyar Kurfi, katanga ɗaya da gidansa, aka binne babban tankin ƙarfe a ƙasa. Shekaru suka shuɗe, fari ya durƙusar da cinikin hatsi, gidan man nan ya zama shi ke ciyar da iyali.

Tun daga ranar nan jifa bai fasa ba. Da rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kuma kullum kusa da wanda ya nufi rijiya. Wani lokaci a ji murya can ƙasa, kamar mace tana rarrashin jariri. Mutanen gida suka saba. Su ci tuwo shiru, su sha ruwan da ke barin ɗaci a maƙogwaro, kowa ya shige ɗaki.

Da Talatu ta fara amai, ƙuraje suka feso mata a hannu, aka kai ta asibiti. Daga can aka turo Obadiya, duba-gari, mutumin Kafanchan da ya daɗe a garin. Ya zo da leburori, suka haƙa ramuka tsakanin gidan mai da rijiya. Ƙasar sama ja ce, amma da suka nutsa sai ta koma toka-toka, tana wari. Obadiya ya ɗibi ruwa a kwalabe don a kai Kaduna a gwada. Sannan ya ɗauki dunƙulen ƙasa guda, ya ƙyasta ashana, wuta ta kama ta. Ya faɗa wa Alhaji cewa tsatsa ta cinye tankin, fetur yana yoyo cikin ƙasa, dole a tono shi, a kuma bar shan ruwan.

Alhaji ya dubi wutar har ta mutu. Ya ce za a duba bayan kaka. A gida kuwa ya ce a riƙa tafasa ruwan.

Ba a jima ba, wata yamma aka tarar da Talatu zaune a bakin rijiya, ƙafafunta a ciki. Da ƙyar maza uku suka janye ta. Ba ta yi kuka ba. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta, sai dai ta rungume hannuwanta tana jijjiga su.

Aka aika Kurfi aka ɗauko Malam Ilu, tsoho mai ƙarancin magana, wanda aka sani da aikin fitar da aljanu. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Aka kawo garwashi zai yi hayaƙi, ya shaƙi iskar wurin, ya ji warin fetur, ya ce a mayar da wutar. Ya zauna yana karatu, ba ya ɗaga murya, har inuwar katanga ta rufe rijiya. Sai yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a gajiye.

Malam ya tambaye ta ko wace ce. Ta ce a ruwan nan take tun wurin yana gonar dawa, ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ta ce wani abu mai ƙuna ya gangaro musu ta cikin ƙasa, 'ya'yanta suka mutu a hannunta, har na goye.

"Na yi jifa don su duba, Malam. Ba su duba ba."

"Me kike so?"

"Yarinyar. Ɗakina ba kowa."

Malam Ilu ya ce ba yarinya ce ta binne ƙarfe ba, kuma Allah bai halatta mata ran da ba nata ba. Ya ci gaba da karatu. Jikin Talatu ya yi ta rawa, sannan ya lafa. Daga ƙarshe muryar ta ce to a fitar da ƙarfen daga ƙasa, a rufe rijiyar da 'ya'yanta a ciki, kada a sake zura guga a kansu.

Malam ya juya ya dubi Alhaji. Alhaji ya rantse da Allah gobe za a fara tono.

"Ina za ki koma?" in ji Malam.

"Inda ruwa bai mutu ba. Da nisa."

Talatu ta yi atishawa, ta kife a kan tabarma. Ana kiran sallar magariba ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Hajiya ta nufi randa, ta ɗaga faifai, ta tsaya. Ta mayar da shi. Ta yafa gyale, ta ɗauki ƙwarya, ta shiga maƙwabta. Matar gidan ta ɗebo mata daga tasu rijiyar. Hajiya ta kai hancinta, ta ji warin fetur, ta yi godiya, ta zubar a bayan katanga. Gida na gaba ma haka. Ta miƙe cikin lungu da ƙwaryar a hannu, ana ta fitowa daga masallaci, tana sallama ƙofa bayan ƙofa.