Wa Ke Taɓa Kaskon Tsuntsayena?

"Ajiye kaskon nan!"

Da ƙarfi na faɗa. Kafinta ya juyo a firgice, kaskon ruwan tsuntsayena a hannunsa, bai ma daɗe da dirowa daga katangar lambunmu ba.

"Rabin raina, tsaya ki ji..."

"Ashe da gaske ne!"

Wata biyar muna soyayya da maƙwabcin nan namu. Ya fi kowa sanin cewa tun rasuwar Mama babu abin da ke sanyaya min zuciya kamar in watsa gero a gindin lemo da safe, in zauna ina kallon kurciyoyi na wanka, kanari na tsalle a reshe.

Amma a satin nan kurciya huɗu na binne.

'Yar Goggo, da ke zaune a gidanmu, ita ta fara raɗa min.

"Ni dai na gan shi yana taɓa kaskon nan da sassafe. Kin fi kula tsuntsu a kansa, kina zaton ba ya jin haushi?"

Yaya kuwa dama ba ya ƙaunarsa. Cewa ya yi mutumin da ke yawan shiru abin tsoro ne.

Na ƙi yarda, amma na daina ɗaga wayarsa. Yau na laɓe a bayan tankin ruwa, ga shi na gani da idona.

Ya miƙo min kaskon.

"Shinshina."

Warin maganin ƙwari ya doki hancina. Na ja da baya.

"Kai ka zuba!"

"Zubarwa nake zuwa yi. Yau kwana uku ina wanke shi kafin su sauko."

"To wa ke zubawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba za ka faɗa ba? To daga yau babu ni babu kai!"

Hayaniyarmu ta fito da Yaya, 'Yar Goggo na biye da shi. Ya ƙwace kaskon zai yi masifa, sai warin ya tsayar da shi.

"Wannan ai maganin da nake fesa wa lemo ne da yamma..." Ya juya ya kalli 'Yar Goggo. "Ba ke kika ce kina ɗauke kaskon kafin in fesa ba?"

Ta fara inda-inda, can ta fashe da kuka.

"Ni na fara ganinsa! Ni na fara sonsa!"

Na zauna a ƙasa. Na ɗago na kalli Kafinta.

"Ka san feshin Yaya ne, ka bari ina zarginka?"

"Shi kaɗai ya rage miki. Ba zan shiga tsakaninku ba."

Hawaye suka zubo min.

"Ka yafe min..."

"Kin ɓata min rai, ba zan ɓoye ba. Amma na yafe."

Yaya ya daɗe a tsaye yana sosa ƙeya. Washegari ya mayar da 'Yar Goggo gidan iyayenta.

Bai taɓa ba Kafinta haƙuri da baki ba. Sai ranar Juma'a ya leƙa ta katanga, fuska a ɗaure, ya ce:

"Malam, gidan nan yana da ƙofa. Ka turo magabatanka su shigo ta nan."

Bayan wata biyu aka ɗaura mana aure.